Makomar intanet: Abin da ke jiran ma'aikaci da ɗan kasuwa a Najeriya

A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikaci kan yi ritaya idan ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa. Wanda ya kama aiki a 1990 ya tarar da tafireta da takardar kwafi da masinja mai yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. Kafin ya ajiye aiki a 2025, sanarwar taro a WhatsApp take iske shi, albashinsa kuma saƙon banki ne ke shaida masa shigarsa. Matashin da ya gaji kujerarsa zai iya kaiwa 2060 a bakin aiki, don haka ba abin mamaki ba ne idan ya tsaya yana tunanin yadda ofishin zai kasance a lokacin, da kuma ko akwai sauran gurbinsa a ciki. Irin wannan tunani ne ke ran ɗan kasuwar da yau rabin cinikinsa ta waya yake zuwa.

Wannan bayani ya duba asalin intanet, da hanyar da take bi ta iso Najeriya, da sauye-sauyen da aka riga aka ga alamunsu.

Asalin intanet

Intanet haɗakar kwamfutoci ce da ke magana da juna bisa ƙa'ida ɗaya. Tushenta wani shiri ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka mai suna ARPANET, wanda ya aika saƙonsa na farko ranar 29 ga Oktoban 1969 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa wata cibiyar bincike a Stanford. Ƙa'idar da ta bai wa kwamfutoci mabambanta damar fahimtar juna, wato TCP/IP, aikin Vint Cerf ne da Bob Kahn, kuma an koma kanta a farkon 1983. Tsarin shi ne a daddatsa kowane saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ya nemi hanyarsa, sannan a sake haɗa su a inda aka nufa. Shi ya sa idan hanya ɗaya ta toshe, saƙo kan iya zagayawa ta wata.

Yanar gizo, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce intanet, daga baya ta zo. Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, shi ya tsara ta a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva. A 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba tare da neman ko sisi ba, kuma wannan ne ya ba ta damar bazuwa. Alƙaluman Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun nuna cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ne ke amfani da intanet, wato kashi 68 cikin 100 na al'ummar duniya. A Afirka kuwa kashi 38 ne kacal.

Shigowarta Najeriya

Kafin 2001, layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu na NITEL ne. A watan Janairun shekarar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowanne, sannan Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. A lokacin ana sayen layi ɗaya a kan kusan Naira 20,000, kira kuma Naira 50 a minti, ko da mutum sallama kawai ya yi ya kashe. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ne ya karya wannan farashi.

A waɗancan shekaru, mai son aika saƙon imel sai ya je shagon intanet ya sayi lokaci na awa ɗaya. Wayar zamani ce ta sauya lamarin. Akasarin 'yan Najeriya ba su taɓa mallakar kwamfutar tebur ba, a tafin hannu suka fara ganin intanet, kuma har yau ta nan mafi yawansu ke shiga.

Igiyoyin ƙarƙashin teku

Mutane da dama na zaton saƙonsu ta sararin samaniya yake tafiya ƙasashen waje. Gaskiyar ita ce sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta cikin igiyoyin gilashi suke bi, waɗanda aka shimfiɗa a ƙasan teku. Kowane zaren gilashi bai fi gashin kai kauri ba, kuma haske ne ke ɗauke da saƙon a cikinsa.

Tsawon shekaru igiya ɗaya ce tak, SAT-3, ke haɗa Najeriya da duniya. A 2010 aka samu MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, tare da Glo-1. WACS da ACE suka biyo baya a 2012. Igiyar Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022, sai 2Africa, wadda Meta ke cikin masu ita, mai tsawon kilomita 45,000 da ta zagaye nahiyar, ta sauka a Legas da Akwa Ibom.

Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 ta nuna muhimmancin waɗannan igiyoyi. Huɗu daga cikinsu suka lalace a lokaci guda a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, lamarin da MainOne ya danganta da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Manhajojin bankuna suka tsaya, taransifa ta maƙale, ofisoshi suka rasa abin yi daga Najeriya har Ghana da Laberiya. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai an turo jirgin ruwa na musamman ya zaƙulo igiyar ya ɗinke ta. Kamfanonin da ke da hanya fiye da ɗaya su suka fara farfaɗowa.

Daga bakin teku zuwa cikin ƙasa

Matsalar Najeriya a yau ba ƙarancin intanet a bakin teku ba ce, isar da ita cikin ƙasa ne. Dole a haƙa rami a binne igiya daga Legas zuwa Abuja, zuwa Kano, zuwa Maiduguri da Sakkwato, kuma kowace jiha na karɓar kuɗin izinin haƙa. An amince da Naira 145 a kan kowace mita, wasu jihohi sun yafe gaba ɗaya, wasu kuma sun ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin. Bayan an binne, masu aikin titi kan tsinke igiyar da katafila, ɓarayi kuma kan kwashe batura da man janareto a turakun sadarwa. Wannan ne ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, waɗanda lalata su babban laifi ne.

Sai batun wutar lantarki. Yawancin turakun sadarwa a kan dizal suke aiki dare da rana, kayan gyara kuma da Dala ake sayo su. Lokacin da darajar Naira ta faɗi, kamfanoni suka matsa, har NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba a watan Janairun 2025.

Tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai ta ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, amma abin da aka cimma ya tsaya a wajen rabi. Yanzu Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani na da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na igiyar gilashi. Ga mazauna Arewa, nasarar wannan shiri ko akasinta ta fi kowace sabuwar waya tasiri a kan irin intanet ɗin da za su samu nan da shekara 10. Haka abin yake ga Nijar da Chadi, waɗanda ba su da gaɓar teku, sai ta ƙasashen maƙwabta igiya ke isa gare su.

5G da abin da zai biyo bayanta

Harafin G na nufin zubi ne na fasahar salula. 2G ta kawo kira da gajeren saƙo, 3G ta kawo intanet a waya, 4G ta sa kallon bidiyo ya zama ruwan dare. A watan Disambar 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisin 5G a kan Dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ya fara aiki da ita a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri da Abuja, Airtel kuma ya bi sahu a 2023.

Fifikon 5G biyu ne: sauri, da kuma raguwar jinkiri tsakanin aika umarni da samun amsa. Tana kuma iya ɗaukar na'urori masu tarin yawa a wuri ɗaya, kamar mitar wuta da kyamarar tsaro da na'urar bin sawun mota. Ɗan kasuwar da ke loda hatsi daga Dawanau zuwa Kudu zai iya ganin inda tirelarsa take a kowane lokaci, mai sito kuma ya san zafin ɗakin ajiyarsa daga gida.

Sai dai zangon 5G gajere ne, tana buƙatar turaku kusa da kusa da igiyar gilashi a gindin kowanne, wayoyinta kuma da tsada. Har zuwa 2025 layukan da ke kanta ba su kai kashi biyar cikin 100 ba, yayin da miliyoyin mutane ke kan 2G. Ana sa ran 6G a wajajen 2030, amma a nan gida babban aikin shi ne kai 4G mai inganci ƙananan hukumomin da har yanzu sai an hau tudu ake samun sabis.

Intanet daga tauraron ɗan Adam

A watan Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink, na kamfanin SpaceX mallakin Elon Musk, ya fara aiki. Tsofaffin taurarin sadarwa na zaune ne a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, shi ya sa saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Na Starlink dubbai ne, suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, don haka jinkirin kaɗan ne. Abin da ake buƙata shi ne faranti da wuta da sarari a buɗe.

Wannan hanya ta dace da asibitin karkara da makaranta da ofishin ƙaramar hukuma inda igiya ba ta kai ba. Amma kuɗin faranti da na wata-wata sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, kuma idan masu amfani suka yi yawa a unguwa ɗaya saurin kan ragu. Akwai kuma tambayar da hukumomi ke yi: wa ke riƙe da makunnin sadarwar ƙasa idan kamfanin da taurarinsa duk na waje ne?

Ƙirƙirarriyar basira da aikin ofis

Babu abin da ya tayar da hankalin matasan ma'aikata kamar ƙirƙirarriyar basira, musamman tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne da ɗimbin rubuce-rubuce, har suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka suke rubuta wasiƙa, su taƙaita rahoto mai shafi 50, su fassara takarda, su tsara jadawalin lissafi cikin daƙiƙoƙi.

Ayyukan da suka fi fuskantar barazana su ne waɗanda ake maimaitawa kullum a kan tsari ɗaya: buga wasiƙa, shigar da alƙaluma, rubuta bayanin taro, amsa tambayoyin da aka saba yi. Wannan ba sabon abu ba ne a aikin gwamnati. Tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 da Asusun Bai-ɗaya da aka tilasta a 2015 sun riga sun rage aikin akawu da mai biyan kuɗi. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda a ma'aikatu. Idan fayil ya koma cikin kwamfuta, ana iya ganin teburin da ya kwana a kai da kwanakin da ya yi, abin da zai rage damar ɓatar da fayil ko riƙe shi har sai an ga na goro.

Duk da haka manhajar na da babban rauni. Ba ta san gaskiya daga ƙarya ba, takan ƙirƙiro sashen doka ko kwanan wata ko adadin da babu shi, ta kuma faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Ba ta sa hannu a takarda, ba a kiranta gaban kwamitin ladabtarwa. Alhakin duk abin da ya fita daga ofis na kan jami'in da ya sa hannu. Saboda haka ma'aikacin da ya san dokokin aiki da ƙa'idojin kuɗi, wanda zai iya gane kuskure idan ya gan shi, darajarsa ƙaruwa za ta yi. Wanda kuma iyakar gwanintarsa kwafe rubutu, shi ne ke cikin haɗari. Akwai kuma batun sirri: duk takardar gwamnati ko lissafin kamfani da aka liƙa a manhajar waje, ta bar ofis ke nan ta tafi rumbun wani kamfani a wata ƙasa.

Matsayin Hausa

Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016. Amma ƙwarewar na'ura a harshe na tafiya ne da yawan ingantaccen rubutun da ta samu, kuma abin da ke intanet da Hausa ɗigo ne idan aka kwatanta da Turanci. Rubutun da ake yi ba ƙugiya yana ƙara rikita ta, domin ƙasa daban, kasa daban, haka ƙafa da kafa. Ga kuma kalmomin da karin sauti ne kaɗai ke raba su, kamar kukan yaro da kukar miya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS, manhajar da aka gina don Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Idan irin wannan aiki ya nuna, ɗan kasuwar da bai yi boko ba zai iya magana da wayarsa da Hausa ya tura kuɗi ko ya cike takardar rajista ba tare da neman tafinta ba.

Kasuwa da kuɗi

Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011, lambar BVN ta zo a 2014, Babban Banki kuma ya fito da eNaira a watan Oktoban 2021, ko da yake ba ta samu karɓuwa sosai ba. Abin da ya tura jama'a ga taransifa da gaske shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira. Mai shayi da mai nama da dillalin atamfa a Kantin Kwari duk suka rataye lambar asusu, kuma ko da kuɗi suka dawo ba su sauke ta ba.

Mataki na gaba shi ne ciniki tsakanin ƙasashe. A 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Accra, domin ɗan kasuwa ya biya da Naira abokin cinikinsa ya karɓa da Sidi ko wani kuɗin Afirka, ba tare da bi ta Dala ba. Wani sauyin kuma shi ne kowace taransifa na barin sawu. Wannan sawu zai iya zama shaidar da mai ƙaramin jari zai nuna ya samu rance, kuma shi ne zai nuna wa hukumar haraji girman cinikinsa.

Haɗurran da ke tafe

Damfara na ci gaba tare da fasahar. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, CBEX ta maimaita hakan a watan Afrilun 2025, kuma dukkansu da alƙawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci suka ja mutane. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Sabon salon da ke shigowa shi ne kwaikwayon murya da fuska: da 'yar gajeriyar murya da aka naɗa, manhaja na iya ƙera saƙon da zai yi kama da na maigida yana umartar yaron shago ya tura kuɗi. Maganinsa shi ne a kira mutumin a lambar da aka sani kafin a saki ko kwabo, kada a dogara da hoton shaidar biya sai an ga kuɗin a asusu, kuma kada a bai wa kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bai wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin sanin abin da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da shi game da shi, da neman a gyara ko a goge, ta kuma wajabta kai rahoton satar bayanai cikin awa 72. Ma'aikacin da ke riƙe da bayanan mutane, wannan doka ta hau kansa.

Akwai kuma katse sadarwa da gangan. An dakatar da Twitter a Najeriya daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Satumban 2021 kuma aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda yaƙi da 'yan bindiga. A wancan lokaci mutane sun riƙa tafiya wata jihar don kawai su kira waya ko su tura kuɗi. Yayin da albashi da ciniki da jarrabawar JAMB ke ƙara dogara da intanet, asarar irin wannan rufewa na ƙara girma.

Abin da ke hannun mutum

Igiya da turaku da wutar lantarki aikin gwamnati ne da kamfanoni. Abin da ya rage wa matashin ma'aikaci shi ne ya iya aiki da jadawalin lissafi da rumbun ajiyar bayanai, ya koyi amfani da ƙirƙirarriyar basira tare da bin diddigin duk abin da ta rubuta masa, ya kuma riƙe ilimin fanninsa da kyau. Shirin gwamnati na 3MTT, wanda aka fara a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, ɗaya ne daga cikin ƙofofin koyo kyauta. Ɗan kasuwa kuma yana buƙatar layi biyu na kamfanoni daban-daban, da asusu fiye da ɗaya, da littafin lissafi na takarda da zai koma gare shi ranar da sabis ya ɗauke. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗanda suka yi wannan tanadi kafin 14 ga Maris ɗin 2024 su ne suka ci gaba da ciniki a ranar.